Zaɓen Wurin Zama a Ƙasar Kadoji: Darasi Daga Jihar Florida

MANUFOFIN DARASI

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. Faɗin irin ruwan da aligeto ke zama a ciki da irin wanda ba ya daɗewa a cikinsa.
2. Duba taswirar unguwa ya gane gidan da ke da haɗari tun kafin ya taka ƙafa ya je ganinsa.
3. Bayyana yadda ciyar da kada ke jefa unguwa gaba ɗaya cikin haɗari.
4. Auna haɗarin kada da na ambaliyar teku, ya san wanda ya fi cin rai.

1. ƘASAR DA MAI ITA

Florida jiha ce a kudu maso gabashin Amurka. Teku ya kewaye ta ta gabas da yamma da kudu. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai zafi da damshi, kuma daga watan Yuni zuwa Satumba ruwan sama ba ya ƙaƙƙautawa. Da yake babu gangaren kirki, ruwan ba ya wucewa da sauri. Kwanciya yake yi, ya zama tafkuna da fadamu da koguna masu tafiya a hankali. Tafkin Okeechobee da kogin St. Johns da babbar fadamar Everglades duk a nan suke.

Mutane sama da miliyan 22 ne ke zaune a jihar. Hukumar kula da kifaye da namun daji ta Florida, wadda ake taƙaita sunanta da FWC, ta ƙiyasta cewa akwai aligeto kimanin miliyan 1.3, kuma babu ko ɗaya daga cikin gundumomi 67 na jihar da ba shi da su.

A da ba su kai haka ba. Farauta saboda fata ta kusa ƙarar da su, har a 1967 gwamnatin Amurka ta sa su cikin dabbobin da ke gab da ƙarewa. Kariyar ta yi aiki: a 1987 aka sanar cewa sun farfaɗo. A cikin waɗannan shekaru kuma jama'a suka yi ta kwararowa Florida, ana busar da fadama ana gina gidaje a kanta. Dabba na ƙaruwa, mutum na matsowa, dole su haɗu.

AKWATIN KALMOMI
Aligeto: nau'in kada da ke rayuwa a kudu maso gabashin Amurka, daga North Carolina zuwa Texas. Baƙi-baƙi ne, bakinsa faffaɗa mai zagaye a gaba. Mace ba ta cika wuce ƙafa 10 ba. Namiji mafi tsawo da aka taɓa aunawa a Florida ya ɗan haura ƙafa 14.
Mazauni: wurin da dabba ke samun abinci da mafaka da wurin haihuwa.

Misali na 1. Idan aka raba mutum miliyan 22 da aligeto miliyan 1.3, za a samu kusan mutum 17 ga kowane aligeto ɗaya. Idan kuma aka raba miliyan 1.3 da gundumomi 67, kowace gunduma za ta tashi da kimanin 19,400. Amma wannan lissafin takarda ne. Tafkin Jesup da ke kusa da Orlando cike yake da su, alhali a tsakiyar birnin Miami mutum zai iya shekara bai ga ko ɗaya ba. Saboda haka tambayar "wane gari ne babu kada?" ba za ta kai mai neman gida ko'ina ba. Tambayar da ke da amfani ita ce: wane ruwa ne ke kusa da wannan gida, kuma tazarar nawa?

2. RUWA IRI UKU

Aligeto dabbar ruwan daɗi ce. Jikinsa ba shi da hanyar fitar da gishiri mai yawa, don haka ko ya shiga teku ba ya iya mai da shi gida. Yakan ratsa ta ruwan gishiri na ɗan lokaci, wani sa'in har a gan shi a bakin teku, amma sai ya nemi hanyar komawa ruwan daɗi.

AKWATIN KALMOMI
Ruwan daɗi: ruwan da babu gishiri a cikinsa, kamar na tafki, kogi, fadama da ruwan sama.
Ruwan gishiri: ruwan teku.
Ruwan zartsi: ruwan da ya gauraya, inda kogi ko magudana ke haɗuwa da teku.

Daga nan mai neman gida zai iya fitar da ƙa'idarsa ta farko: gidan da ke fuskantar teku ya fi gidan da ke fuskantar tafki nisa da aligeto. Sai dai a kula da abu biyu.

Na ɗaya, tsibiri ba shi ne tsira ba. Tsibirin Sanibel teku ne ta kowane gefe, amma a tsakiyarsa akwai fadamun ruwan daɗi, kuma akwai aligeto a ciki. Ko a jerin tsibiran Keys da ke can ƙarshen kudu, inda suke da wuyar gani, akwai wani tsohon ramin fasa dutse a Big Pine Key da ruwan daɗi ya taru a ciki, kuma sun same shi.

Na biyu, a ƙarshen kudancin Florida akwai wani kada dabam, mai siririn baki da launin toka-toka, wanda shi ruwan zartsi da na gishiri yake so. Kudancin Florida ne kaɗai wuri a duniya da waɗannan nau'i biyu ke zaune tare a daji. Wannan na biyun ba shi da yawa, kuma yana da gudun mutane, amma wanda zai zauna kusa da gaɓar Biscayne ya san da zamansa.

Misali na 2. Birnin Cape Coral yana da magudanan ruwa da aka haƙa waɗanda tsawonsu ya haura mil 400, wato sama da kilomita 640. Wasu ruwan gishiri ne a cikinsu, wasu ruwan daɗi. Gida biyu na iya zama a layi ɗaya, kowanne da ruwa a bayansa, amma lamarinsu ba ɗaya ba. Kafin a yi maganar kuɗi, a tambayi dillali: magudanar nan ta gishiri ce ko ta daɗi? In bai sani ba, a tambayi masu kamun kifi na wurin, domin irin kifin da suke kamawa zai ba da amsa.

3. KUDUDDUFIN BAYAN GIDA

Wannan sashe shi ne zuciyar darasin, a karanta shi da natsuwa.

Baƙo idan ya ji labarin kadojin Florida, fadamar Everglades yake hangowa, sai ya ce to ai shi ba a daji zai zauna ba. Amma ruwan da ya fi shafar mai gida ba na daji ba ne. A kusan kowace sabuwar unguwa akwai tafki ɗaya ko fiye da magina suka haƙa da gangan, domin ya tara ruwan sama kar ya mamaye tituna, kuma sau da yawa ƙasar da aka kwaso daga ramin ita ake cike filayen gidaje da ita. Ya yi kama da kududdufin tsofaffin garuruwanmu, inda aka ɗebi ƙasar gini aka bar rami damina ta cika. Bambancin shi ne na Florida an gyara bakinsa, an shuka ciyawa mai laushi, an jera gidaje suna kallonsa, har ana ƙara wa gidan kuɗi saboda kyan kallon ruwa.

AKWATIN KALMOMI
Tafkin tara ruwan sama: rami da aka haƙa a unguwa domin ya riƙe ruwan da ke gangarowa daga rufi da tituna. Galibi bututu ko magudana na haɗa shi da wani ruwan.

Jimlar ƙarshe ta wannan ma'ana ita ce abin lura. Tafkunan nan a haɗe suke. Aligeto na bin bututu da magudana daga wannan zuwa wancan, kuma yana tafiya ta tudu da dare idan ya ga dama. Tafkin da aka duba jiya babu komai a ciki, yau zai iya wayar gari da baƙo. Shi ya sa duk wanda ya ce maka "wannan tafkin namu babu kada", abin da ya sani kawai shi ne bai gani ba. Dabbar takan kwanta cikin ruwa, ido da hanci kaɗai a waje, ruwan kuma duhu gare shi. Mazauna jihar da suka daɗe suna da magana ɗaya a kai, kuma gaskiyarsu ce: duk ruwan daɗin da ka gani a Florida, ka ɗauka akwai kada a ciki.

Abubuwa biyu da suka faru sun isa shaida. A watan Yunin 2016, a wani babban wurin shaƙatawa kusa da Orlando, aligeto ya ja wani yaro ɗan shekara 2 da ke wasa a bakin wani tafki da mutane suka haƙa, da almuru, yaron ya rasu. A watan Fabrairun 2023, a Fort Pierce, wata tsohuwa mai shekara 85 tana yawo da karenta a bakin tafkin unguwarsu, aligeto ya fito ya nufi karen, ita ce ta rasa ranta. Ba a daji ko ɗaya ya faru ba. Duka biyun a bakin ruwa ne, taku kaɗan daga gaɓa, kuma a duka biyun akwai ƙaramin jiki kusa da ruwan: yaro, ko kare. Aligeto ba ya ɗaukar babban mutum a matsayin abincinsa na yau da kullum. Kifi da kunkuru da tsuntsaye da ƙananan dabbobi yake ci. Amma abin da ya kai girman waɗannan, yana motsi a gefen ruwa, bai san bambancinsa ba.

Saboda haka ga ra'ayina kai tsaye: iyalin da ke da yara ƙanana kar su kama gidan da bayansa ke gangarawa zuwa tafki, ko da an yi musu rangwame, ko da ya fi kowane gida kyau. Ba wai don haɗarin na faruwa kullum ba. Don uwa ba za ta iya sa ido a kan ɗan shekara uku dare da rana har tsawon shekaru ba, kuma gida wuri ne da ya kamata ido ya huta.

Idan kuwa babu makawa sai gidan bakin ruwa, to a duba shinge. Aligeto na iya hawa shingen waya mai ramuka, an sha ganin haka. Katanga ko shinge mai santsi, wanda ya kai ƙasa sosai ba tare da rata ba, kuma ƙofarsa na rufe kanta, ya fi aminci.

4. LOKACINSA

Jikin aligeto na bin zafin wurin da yake. Ya fi kuzari idan zafi na tsakanin digiri 28 da 33 a ma'aunin Salshiyas. In ya sauka ƙasa da kimanin digiri 21 yakan daina cin abinci, in ya yi ƙasa da 13 sai ya lafe. Farautarsa ta fi yawa daga magariba zuwa asuba.

Neman mata na farawa a watan Afrilu, barbara a Mayu ko Yuni. Mace na tara ciyawa da laka ta yi sheƙa a gefen ruwa, ta saka ƙwai kimanin 32 zuwa 46 a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, su ƙyanƙyashe daga tsakiyar Agusta zuwa farkon Satumba. Tana gadin sheƙar, tana gadin 'ya'yan. Wanda ya ga ƙananan kadoji ya san uwarsu na kusa. A lokacin barbara da lokacin fari ne kuma aka fi ganinsu suna yawo, har su faɗa wurin ninƙaya na gida ko su kwanta ƙarƙashin mota.

Amfanin wannan ga mai neman gida: wanda ya je ganin gida da tsakar rana a watan Janairu bai ga unguwar ba tukuna. In da hali, ya sake komawa da yamma a lokacin zafi.

5. MAƘWABTA

Aligeton daji tsoron mutum yake yi, in ya ji motsi ya nutse. Abin da ke cire masa wannan tsoro shi ne abinci. Da zarar wani ya fara jefa masa guntun nama ko burodi, ya koyi cewa inda mutum yake nan abinci yake, sai ya riƙa tahowa maimakon guduwa. Kuma ba ya tantance wanda ya saba ba shi da yaron maƙwabci. Masu zubar da hanjin kifi a ruwa, da masu ciyar da agwagi a bakin tafki, su ma suna jawo shi ko da ba su yi niyya ba. Wannan ne ya sa dokar Florida ta haramta ciyar da aligeto, kamar yadda ta haramta kashe shi ko kama shi ba tare da izini ba.

AKWATIN KALMOMI
Kada mai damun jama'a: a tsarin hukumar FWC, aligeton da tsawonsa ya kai ƙafa 4 ko fiye, kuma ake ganin barazana ne ga mutane, dabbobin gida ko dukiya. Ana kiran hukumar, ita kuma ta turo mai kamawa da ke da lasisi.

Ana cire dubbai ta wannan hanya kowace shekara, kuma yawancinsu kashe su ake yi, domin in an kai su wani ruwan sukan nemi hanyar dawowa. Wanda ya ciyar da kada don sha'awa ya cuci maƙwabtansa, ya kuma cuci dabbar.

Misali na 3. Ƙafa ɗaya kimanin santimita 30 ce. Ƙafa 4 sau 30 ya ba da santimita 120, wato mita 1.2. Wanda bai kai haka ba hukuma ba ta ɗauke shi mai haɗari ga mutane ba, muddin ba a taɓa shi ba. A bar shi, kar a kama, kar a ba shi abinci.

Gwajin unguwa mai sauƙi: ka tsaya nesa da tafki. In ka hango aligeto ya nutse ko ya yi nesa, alama ce mai kyau. In ya juyo yana iyo zuwa wajenka, akwai mai ciyar da shi.

6. AN GUDU BA A TSIRA BA

Mai karatu zai iya cewa, to ai magana ta ƙare, sai a koma bakin teku. A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure mai tsada.

Tun 1948 ake rubuta hare-haren aligeto a Florida. A duk tsawon wannan lokaci, waɗanda suka mutu kimanin 30 ne. Cizon da ke kai mutum asibiti ba tare da ya tsokani dabbar ba, kimanin 8 ne a shekara. Yanzu a kwatanta: a ranar 28 ga Satumba 2022 mahaukaciyar guguwar Ian ta afka wa kudu maso yammacin jihar. Teku ya tumbatsa ya shanye Fort Myers Beach, gadar da ke haɗa Sanibel da tudu ta karye. Kusan mutum 150 suka mutu a Florida sanadin guguwar, kimanin 40 daga cikinsu tumbatsar teku ce ta ci su. Guguwa ɗaya ta ɗauki rayukan da suka fi waɗanda aligeto ya ɗauka cikin shekara 70 da ɗoriya. Kuma lokacin guguwa na dawowa kowace shekara, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba.

AKWATIN KALMOMI
Tumbatsar teku: hawan ruwan teku kan tudu saboda iskar guguwa da ke tunkuɗo shi.
Taswirar ambaliya: taswirar da hukumar agajin gaggawa ta Amurka, FEMA, ke fitarwa. Yankin da aka yi wa alamar A ko V na da babban haɗari, mai alamar X haɗarinsa ya fi sauƙi.

Yankin babban haɗari shi ne wanda yiwuwar ambaliya a cikinsa ta kai kashi 1 cikin 100 a kowace shekara. Kamar kaɗan ne, amma a tsawon shekara 30 ta taru ta kai kusan kashi 26 cikin 100. Inshorar gida ta yau da kullum kuma ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai an yi wata ta dabam.

A kuma kiyaye: waɗannan alƙaluma na aligeton Amurka ne. Kadan kogin Nilu da ke nahiyarmu ya fi shi faɗa nesa ba kusa ba, kar a ɗauki sassaucin wancan a ɗora wa wannan.

7. GIDA UKU, IYALI ƊAYA

Misali na 4. A ce wata ma'aikaciyar jinya ta samu aiki a Florida, za ta tare da mijinta da yara biyu, ɗan shekara 3 da 'yar shekara 6. Dillali ya nuna musu gida uku.

Gida na farko yana sabuwar unguwa, babba ne, bayansa ciyawa ce har zuwa bakin tafki, tazarar mita 20, babu shinge. Yankin X ne.

Gida na biyu ƙasa ne ba bene ba, yana bakin magudanar ruwan gishiri, kusa da teku. Yankin A ne.

Gida na uku ɗaki uku ne a hawa na biyu na wani bene, a tsohuwar unguwa da gine-gine suka cika. Ruwan daɗi mafi kusa na da nisan kilomita ɗaya, da manyan tituna a tsakani. Yankin X ne. Ya fi sauran ƙanƙanta.

Suka buɗe taswirar tauraron ɗan'adam a waya, suka nemi duk wani shuɗi ko duhun ruwa da ke kewaye da kowane gida. Mijin ya ce na farko ya fi kwanta masa, ga fili yara su yi gudu. Matar ta ce, "Maigida, ina aikin dare, kai kuma kana fita da sassafe. Wa zai tsaya tsakanin yaron nan da ruwa?" Na biyu ya tsira daga aligeto amma ya faɗa hannun teku, ga kuɗin inshorar ambaliya a kai. Na uku ya tsallake duka biyun, abin da aka rasa shi ne faɗin fili, kuma wannan ana iya cike gurbinsa da filin wasa na unguwa mai shinge.

Ga wannan iyali, na uku ne. Da a ce magidanta biyu ne manya, babu yara babu kare, gida na farko ba zai zama laifi ba, matuƙar sun sa shinge, sun bar bakin ruwa da magariba, ba su yi iyo a tafkin ba.

Ko a ina aka zauna, wata rana za a iya yin kiciɓis da aligeto a hanya. A ja baya, a bar masa wuri, domin ba ya bin mutum da nisa a kan tudu. In ya taso, a gudu kai tsaye, ba sai an yi ta karkace-karkace ba. Wanda aka kama ya yi faɗa iya ƙarfinsa, ya nufi ido da hanci. Wanda aka ciza, ko da raunin ƙarami ne, ya tafi asibiti nan take, saboda cizon na saurin ruɓewa.

TAMBAYOYIN BITA

1. Gundumomi nawa ne a Florida, kuma a guda nawa ake samun aligeto?
2. Me ya faru a 1967, me kuma ya faru a 1987?
3. Bayyana ruwan zartsi da kalmominka. Me ya sa aligeto ba ya daɗewa a teku?
4. Wani dillali ya ce maka, "Tafkin nan namu babu kada." Kawo dalili biyu da za su hana ka dogara da maganarsa.
5. Wane abu ne ya haɗa abin da ya faru kusa da Orlando a 2016 da na Fort Pierce a 2023?
6. Lissafi: aligeto mai tsawon ƙafa 9, mita nawa ke nan? Ya shiga cikin waɗanda za a iya kiran hukuma a kansu?
7. Ka tsaya nesa da tafki, sai aligeto ya nufo ka yana iyo. Me wannan ke nuna maka game da unguwar?
8. Me alamar A da V da X ke nufi a taswirar ambaliya?
9. Koma Misali na 4. A ce iyalin ba su da yara amma suna da ƙaramin kare da tsohuwar da ba ta iya hawa bene. Wane gida za ka ba su shawara su kama, kuma da wane sharaɗi?
10. Aikin rukuni: ku zana taswirar unguwarku, ku nuna duk inda ruwa ke kwanciya da damina, sannan ku auna tazarar taku nawa ce daga can zuwa wurin da yara suka fi wasa.